Majinyatan Bayan Dutse

Da la'asar sakaliya ɗan acaɓa ya sauke Bahijja a ƙofar wani ƙaramin asibiti da ke tsakanin duwatsu, a hanyar Roni. Daga Kazaure ta taso, jakar kwamfuta a bayanta. Rubuta manhaja ne sana'arta, kuma kamfaninsu ne zai yi wa asibitin tsarin intanet: a yi wa majinyaci rajista, lasifikar baranda ta kira sunansa idan layi ya zo kansa, in ya warke a sallame shi. Ba buɗe tsarin ta zo yi ba. Wurin gwaji kawai za ta kafa a kwamfutarta, ta ga ko zai yi aiki da na'urorin asibitin.

Ma'aikata sun riga sun tashi. Baba Kura maigadi ne kaɗai ya rage, yana alwala a gindin tanki.

"'Yata, ki bari sai gobe mana. Magariba ta kawo jiki."

"Yanzu zan gama, Baba."

Yanzun masu kwamfuta kuwa, kowa ya san tsawonsa.

Ta zauna a ɗakin kati, cikin warin maganin wanke ƙasa da kashin jemage. Ta girka abin da za ta girka, rumbun bayanai ya tashi fes, babu kowa a ciki. To, ba a gwada tsarin asibiti babu marasa lafiya, kuma ƙa'idar aikinsu ta hana taɓa bayanan mutanen gaske. Sai ta yi abin da ta saba, ta ƙirƙiro nata. Sama'ilu, karaya a hannun dama. Uwa, sara a ka. Zubaida, naƙuda. Wurin adireshi ta ɗaga kai ta kalli taga, ta yi murmushi, ta rubuta musu Bayan Dutse.

Kuskurenta layi ɗaya ne tak. A wajen saiti ta manta ba ta cire lasifikar baranda ba. Ta danna gwaji daidai lokacin da rana ta faɗi.

Muryar na'ura ta tsaga shirun wajen. "Sama'ilu, Bayan Dutse. Uwa, Bayan Dutse. Zubaida, Bayan Dutse. A shigo."

Duwatsu suka amsa.

Baba Kura ya faɗo ɗakin, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Da raɗa ya ce, "Wa kika kira?"

"Babu kowa, Baba. Sunayen ƙarya ne."

"Innalillahi. Da magariba? 'Yata, babu sunan da ba shi da mai shi. Bayan dutsen nan akwai masu zama, amma ba irinmu ba ne."

Gyare suka yi tsit. Wani ƙarni ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, irin na kwatar mahauta da safe. Bencin baranda ya yi ƙara, an zauna. Ya sake yin ƙara. Sai nishi, dogo, na mace.

Ƙofa ta buɗe.

Mutum ne dogo, kansa na gogar silin. Hannunsa na dama a lanƙwashe yake, ƙashi ya huda fata ya leƙo.

"Lafiyata ƙalau nake zaune," in ji shi. "Ke kika rubuta min."

Ya kama hannunta na dama. Ƙas! Kamar karan dawa. Ihun da ta yi, ita kanta ba ta gane muryarta ba.

Baba Kura ya yi kan mutumin yana karanta Ayatul Kursiyyu. Ta biyunsu, Uwa, ta tare shi, kanta a tsage har goshi, jini na zuba cikin bakinta. Ta ɗaga dattijon da hannu ɗaya, ta maka shi da durowar ƙarfe. Katuna suka watse.

Bahijja ta ja jiki zuwa tebur. Abu ɗaya ne a ranta, ta goge su duka.

"Kada ki goge!" Baba Kura na tari, jini a leɓensa. "In kika goge, haka za su tabbata. Asibiti suka zo. Sallame su!"

Da hannun hagu ta nemo sunan Sama'ilu a allon kwamfutar. Yatsunta na zamewa. Ya warke. Ta danna.

Ƙashi ya koma mazauninsa da ƙara. Inda Sama'ilu yake tsaye ya zama wayam.

Uwa ta shaƙo ta da mayafinta ta baya. Numfashi ya ɗauke. Allon ya soma yi mata duhu.

Da ƙyar ta danna wa Uwa: Ta warke.

Mayafin ya saki.

Saura ɗaya.

Zubaida ta shigo da rarrafe, cikinta na jan ƙasa. Ba faɗa ta zo yi ba. Ciwo ne ya taso mata, ta damƙi ƙafar tebur ta murɗe. Ƙarfen ya lanƙwashe, tebur ya kife. Kwamfutar ta daki siminti, gwiwar matar ta bi ta kai.

Baba Kura ya finciki Bahijja suka yi waje. Matar ba ta bi su ba. Muryarta kawai ta biyo su, a gajiye.

"'Yar'uwa... ki taimake ni."

An ɗaure hannun Bahijja, ya warke a karkace. Baba Kura ya ajiye gadi, ya koma wajen ɗansa a Babura da haƙarƙari biyu a karye. Ita kuwa babu mai gyaran da ba ta kai wa ɓaraguzan kwamfutar ba, har Kano, ba a ciro komai ba. Wurin gwajin a cikinta kaɗai yake, ba ta kai ga ajiye kwafi ba. Ta kafa sabo, ta rubuta Zubaida, ta sallame ta, ya fi sau ashirin. A banza.

Tsoro ya daɗe da barinta. Tausayi ne ke cin ta yanzu, da kunyar abin da ta yi tana murmushi. Duk inda magariba ta riske ta, tana jin nishin nan a kusa da kunnenta. Shekara biyu ke nan matar ba ta haihu ba.