Layukan da Aka Shafe

"Wannan ce wasiƙar da kika yi wata biyar kina jira?" Yaya Ghali ya ɗaga takardar yana juya ta. "Ai rabinta baƙin tawada ne, Najiba."

Na fizge ta daga hannunsa. Hajiya Mero, ƙawar Ummanmu, ce ta taho min da ita daga Kano, ta miƙo min tun kafin ta zauna a ofishinmu na Tianxiu a birnin Guangzhou, inda nake taya yayana tura kayan 'yan kasuwa gida.

Ma'azu soja ne, an yi mana baiko kafin in zo China. Tun da aka kai su bakin daga aka karɓe wayoyinsu. Sai dai wasiƙa, ita ma sai wani hafsa ya karanta, ya shafe duk abin da zai nuna inda suke ko ranar da za su motsa.

Na fara karantawa. "Sanyin idona, ina nan lafiya a..." sai baƙi. "An ce za a ba mu hutu ranar..." sai baƙi. "Don Allah ki dawo gida kafin..." nan ma baƙi.

Yaya ya tuna min cewa bizata saura sati biyu ta ƙare, ko a sabunta in ƙara shekara, ko in tafi. Ya ce ni kaɗai ke jin yaren masu masana'anta, kuma ba zai bar ni in koma in zauna jiran ranar da babu wanda ya sani ba. Ban iya musa masa ba, tun rasuwar Abba shi ke riƙe da mu. Na kife takardar a kan tebur, hawaye na zubo min.

Hajiya Mero ce ta lura da rubutu a bayanta, ƙanana da jan biro, ba hannun Ma'azu ba. Ta gyara tabarau ta karanta mana:

"Ƙanwata, ni na shafe layukan nan, aikina ne, ki yi haƙuri. Ba zan faɗa miki rana ba. Amma yaron nan ya hana mu sakat da zancenki, kuma da ni ne ke, da na fara neman yadin anko."

Ban san lokacin da na rungume Hajiya ba, ina dariya ina kuka, har 'yar Chinar da ke shagon gefe ta leƙo. Yaya ya karɓi takardar ya karanta sau uku. Can ya ɗauki makulli ya ce in tashi mu je kasuwar Sanyuanli, can leshi ya fi kyau.

"Ofis fa, Yaya?"

"Na iya gaisuwa, na iya godiya. Sauran zan yi da hannu."

Kwanana goma sha tara a Kano, wata Talata da hantsi, na ji sallamar Ma'azu a zaure. Na fita a guje ko takalmi babu. Ya rame, ya yi duhu, amma murmushin nan nasa yana nan.

"Kin zo, Najibata..." kawai ya iya cewa.

Sati biyu bayan nan aka ɗaura mana aure. Yaya Ghali ya kalli komai ta waya daga Guangzhou, zaune a tsakiyar kwalaye cikin shaddarsa ta anko, yana ta goge ido yana rantsuwa wai fankar ofis ce.