Ranar da Na Ce Ya Ba Ni Bidiyona

"Ka ba ni kayana," na ce. "Bidiyona duka, yau ɗin nan."

Yaya na tsaye a bayana ya harɗe hannuwa, ya tare ƙofar shagon gyaran kwamfutar. Injiniya kuwa, mutumin da na yi wata bakwai ina mutuwar sonsa ban faɗa ba, ya ɗago kai daga wata kwamfuta da ya farke cikinta, sukudireba a baki.

Ni tela ce, kuma ina koyar da ɗinki ta bidiyo. Shekara uku ina ɗorawa a shafin wani babban kamfani, sai telar da shagonta ke kallon nawa ta tara ƙawayenta suka kai ƙarar ƙarya. Na wayi gari an rufe shafin, babu ko wanda zan yi wa kuka. Injiniya ne ya tattara abin da ya rage a tsofaffin wayoyina, ya ɗora a wata manhaja marar ubangida. Kowa na iya ɗaukarta kyauta, ya duba cikinta, ya gyara, ya kafa gidan bidiyonsa a tasa kwamfutar. Gidajen kuma suna zumunci, mutanen wancan na kallon na wannan. A gidansa ya ba ni ɗaki, ɗalibaina suka dawo har da ƙari.

Telar nan ba ta haƙura ba. Ta je ta gaya wa Yaya wai Injiniya tara bidiyon 'yan mata yake yi don ya riƙa juya su. Yaya ya ce jiya kamfani, yau saurayi, wanda ya riƙe miki sana'a ai ya riƙe miki wuya. Na yi musu, amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Na yarda mu je in nemi kayana, mu ga irin fuskar da zai yi.

Na zaci zai roƙe ni. Gaskiya ma so nake ya roƙe ni.

Sai kawai bawan Allah ya zabura, har kujera ta faɗi.

"Da gaske? Alhamdulillah!"

Ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya jawo wata 'yar kwamfuta a naɗe cikin leda, da sunan shagona manne a jikinta. Ya jona mata wuta yana surutu ba numfashi. Wai wata biyu ke nan da ya haɗa ta, wai a kan teburin yankana ma za ta zauna, wai ɗalibaina ba za su ɓata ba, tsohon ɗakin zai nuna musu sabon gida. Yaya da ya zo faɗa sai ga shi ya ja benci ya zauna, yana tambaya ko shi ma za a iya kafa masa na garejinsa.

Bidiyo suka shiga ƙaura ɗaya bayan ɗaya, na yankan hannu, na sa zif, na gyaran wuyan riga. Su biyu suna murna kamar masu kallon ƙwallo, ni kuwa zuciyata na tafasa. Ka ce wa mutum za ka bar shi, ya yi hamdala?

Da aka gama ya juyo min da madannan kwamfutar, ya kau da kai, ya ce in sa kalmar sirrin da shi ma ba zai sani ba. Na sa. Daga nan bakina ya ƙwace.

"Wato dama jira kake in tafi..."

Murmushin ya ɗauke. Ya dubi Yaya, ya dubi ƙasa, ya goge hannunsa a wando.

"Jira nake, ranki ya daɗe. Akwai maganar da na kasa yi miki aikinki na hannuna. Da kin ce e, ba zan taɓa sanin ni kika ce wa e ba, ko bidiyonki."



Ya taɓa wani abu a kwamfutarsa, wayata ta yi ƙara. Gidansa ne ke neman izinin bin gidana don su ƙulla zumunci, ga wurin amincewa, ga wurin ƙi. Na kai yatsa zan amince don daɗi, amma Yaya ya leƙo ta kafaɗata.

"Ki ƙi mana, mu gani ko da gaske yake."

Na danna ƙi.

Wallahi na ga abin ya sauka a fuskarsa, sai da na ji tausayinsa. Ya miƙe ya cire 'yar kwamfutar, ya naɗe wayoyinta a tsanake, ya miƙo min da hannu biyu, har yana ja min kunne kada in ajiye ta kusa da dutsen guga. Bidiyona na nan cif, ko ɗaya bai taɓu ba.

Na ce ya mayar ya jona. Na sunkuya ina lalube, don ban san inda ake danna abin ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya. Can na gano. Kwamfutarsa ta yi ƙara, gidana na neman izinin bin nasa.

Garin sauri ya ture kwalin sukurori, suka watse ko'ina a ƙasa.

"Masoyiyata, kin kusa kashe ni..."

"A gabana?" in ji Yaya. Ya miƙe yana kakkaɓe riga, yana danne dariya. "Tsince sukurorinka tukuna. In ka gama, ka ce wa mahaifinka Baba yana gida ranar Asabar."