Rabon Masu Rafi

Kai Ɗanliti, ajiye wayar nan ko in make ka. Ku matso. Ba kullum kuke tambaya me ya sa muke awon shinkafa a kasuwa, alhali kanal ya ratsa ta bayan gidanmu ba? To Kawu Sallau ne ya ja mana, kuma har gobe ban yafe ba.

Kafin a haƙa kanal, rafi ne a wurin. Da aka tare ruwan aka kafa ƙofar ƙarfe, mai gadin farko, Baba Nomau, bai taɓa rufe ta ruf ba. Kullum sai ya bar faɗin tafin hannu a ƙasa, ruwa na zirara cikin tsohon kwarin. Ya ce rabon masu rafi ne, sun riga mu zama.

Da ya rasu aka ba Kawu gadin. Taurin kai kamar dutsen niƙa! Rani ya tsananta, ya ce shi ba zai shayar da ciyawa ba gonarmu na ƙishi. Ya murɗa ƙofar har ƙasa.

Magariba ta yi. Kwaɗi suka yi tsit. Sai ga wata tsohuwa ta hauro daga kwarin da tulu a ka. Ƙasa a bushe, amma duk inda ta ɗaga ƙafa sai sawun ya cika da ruwa.

Kawu na bakin ƙofar, ya ce, "Sannu, Iya."

"Wa ya rufe?"

Bakinta bai motsa ba. Daga ƙarƙashin ƙofar muryar ta fito.

"Ni ne."

"Jikokina ba su sha ba. Buɗe."

Wallahi ko jaki ne sai ya buɗe. Amma Kawu? Cewa ya yi, "Ki je rijiya, Iya."

Ta dube shi. "Wacce ce gonarku?"

Sakaran ya nuna mata, da hannunsa! Ta taka a hankali, ta kife tulun a bakin gonar. Kafin ya ƙifta ido babu ita.

Washegari ya buɗe ƙofar, har da kuka, amma ina! Ruwa in ya zo bakin gonarmu sai ya kauce. Ta maƙwabta kore shar, tamu fari fat. Babana ya yi ta jido da bokiti har bayansa ya riƙe, ƙasar ko danshi ba ta yi ba.

Tulun na nan a kife, ƙarti sun kasa ɗaga shi. In ka kara kunne, za ka ji ruwanmu na gudu a ciki.

Kada in ji ɗayanku ya bi bakin kanal shi kaɗai da magariba. In ko wata ta tambaye ku ina ne gidanku, ku soke hannu a aljihu.