Karcen Faifan Baba Clement

Odessa ta juyo da sauri ta dubi garmaho!

Busar ƙahon ta hau can sama, ta iso daidai inda allurar garmaho ta saba tsalle, sai kawai ta wuce sumul...

Shekara goma sha ɗaya ke nan, duk Lahadi bayan coci mahaifinta Baba Clement ke ɗora wannan faifan kiɗan jaz, kuma ko tari ba a yi sai ya ƙare. Yau kam da kansa ya ɗage allurar.

"Wa ya taɓa min faifai?"

Lamont, bakaniken da ke neman aurenta, ya miƙe yana washe baki, bawan Allah.

"Ni ne, Baba. Vernell ta ce karcen nan na damunka, shi ne na zaga unguwar Harlem kaf na musanyo maka sabo fil."

Odessa ta harari Vernell, 'yar kawunta, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Lamont. Munafukar sai wani kallon silin take!

"Tun farko na gaya miki yaron nan ba shi da kunne," in ji Baba. "Ɗauki hularka, malam. Maganar aure kuma babu ita."

Odessa ta bi Lamont har matakala tana hawaye.

"Haba masoyi, ka tambaye ni mana! Mama ce ta yi karcen nan. Rawa suke da Baba, ƙugunta ya bugi teburin garmahon. Tun da ta rasu, wurin karcen nan kaɗai yake jira..."

"Wayyo, na kashe kaina! Share hawayenki, zuciyata."

Sati guda Odessa ko abincin kirki ba ta ci. Ran Lahadi sai ga Lamont, rungume da faifai kamar jariri.

Baba ya dube shi sheƙeƙe.

"Ya aka yi ka san nawa ne?"

"Irinsa bakwai na tarar a shagon da na yi musanyar, kowanne da karce. Na zauna na saurare su ɗaya bayan ɗaya. Naka, sai mai busar ya ja numfashi na biyu, ya yi ƙasa-ƙasa kamar mai lallashi, sannan yake tsalle."

Baba ya karɓa, ya ɗora. Ƙahon ya hau, ya lallasa, allura ta yi tsallenta, ƙyas!

Tsohon ya lumshe ido yana murmushi. Daɗi ya kashe Odessa. Vernell kuwa tuni ta tuna ta bar wake a wuta.

Da faifan ya ƙare, Baba ya zaro sabon ya miƙa wa Lamont.

"Ungo, ɗana."

"Baba, ai naka ne..."

"Me zan yi da faifan da ba wanda ya taɓa rawa a kansa? Ku tafi da shi gidanku, ku yi naku karcen."