Igiyar da Ke Ɗakin Malam Sagiru

Rana ta take lokacin da Malam Sagiru ya jingine kekensa a bakin shagon maganin dabbobi na Malam Dung, a Gwarzo. Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kabo. Ya yi sallama da muryar da shi kansa da ƙyar ya ji ta.

Mai shagon ya shiga ciki. Wata budurwa ce a bayan kanta, tana ɗura maganin kaska a kwalba. Ta ɗago, idonsu ya haɗu, kowa ya yi saurin mayar da nasa ƙasa. Sunanta Ummukulsum, 'yar garin Durun, ta karanci kiwon lafiyar dabbobi.

Suka gaisa, aka tambayi gida da aiki da zafi. Sannan ya ce, "Maganin ƙuma nake so."

"Ta kaji?"

"E... kusan haka."

Ta ɗauko wata farar hoda. "Sai ka ɗaga fukafukanta ka barbaɗa."

"Ba ta da fukafuki."

"To ka tura shi cikin gashin."

"Ba ta da gashi."

Ummukulsum ta ajiye hodar a hankali. Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Malam, ko dai igiya ce?"

Haka ake kiran maciji a gidansu, don Inna Hajjo, mahaifiyarta, ta ce mai ambaton sunansa kiransa yake yi.

Sagiru ya gyaɗa kai. Ya ce 'yar mesa ce, irin ƙaramar nan marar dafi da ke dunƙulewa in ta tsorata. Manoma ne suka tono ta a Gammo za su sare ta, ya roƙe su. Don ɗalibai ya karɓa, sai kuma ya kasa rabuwa da ita. Yanzu ta ƙi cin abinci, kullum tana jiƙe cikin kwanon ruwanta, ga wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo a gefen idonta da ƙarƙashin haɓarta.

"Don Allah ki rufa min asiri," ya ce. "Shari'a ta shigo, kowa idonsa a kan kowa. In aka ji, cewa za a yi malamin makaranta ya zama gardi, mai wasa da maciji a kasuwa."

"Da ka tafi da hodar nan, da ka huta da asirin," in ji ta. "Abin da ke kashe ƙumar kaza, har ita zai kashe."

Ta kira Malam Dung, mutumin Filato, wanda ya taɓa aiki da namun daji. Ya saurara, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zauna ya yi bayani. Ban da fiya-fiya, ban da kalanzir. A jiƙa ta a ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda bai rufe kanta ba. A ƙone ciyawar da take kwana a kai, a wanke akwatinta da tafasasshen ruwa a shanya a rana, a shimfiɗa farar takarda don a ga duk abin da ya faɗo. A goge gefen ido da wuya da auduga da ɗan man gyaɗa. Kuma a yi ta maimaitawa, don ƙwan ƙumar na ƙyanƙyashewa daga baya.

"In ka ji tana numfashi da ƙara, ko kumfa a bakinta, ka kawo ta da gudu," in ji shi. "Kulsum, ba shi lambarki, ni kunnena ya tsufa da waya."

Ta rubuta masa. Sharaɗi ɗaya ta kafa, kada ya rubuta sunan abar a wayarta.

Saƙon farko ya same ta a gindin rumbu, inda kaɗai sabis ke kamawa a gidansu.

"Salam Likita. Na yi mata wanka. Abubuwan sun fito a ruwa kamar an barbaɗa masoro. Har yanzu ta ƙi ci."

Ta amsa: "Kada ka matsa mata, baƙunta ce da ƙaiƙayi. Ka bar ta a wuri mai ɗumi. Kuma ni ba likita ba ce, Malam Gardi."

"Kowa ya kira ni haka sai na ji kamar ƙasa ta tsage. Ke kika faɗa, na yi ta murmushi ni kaɗai a aji."

"Ɗalibai za su ce malaminsu ya zautu."

"Ba su yi ƙarya ba, Likitata."

Ta karanta wannan, ta rufe fuska da hijabi duk da ba kowa a wurin sai kaji.

Man fetur ya yi tsada a shekarar, motar Kabo ba kullum ba, amma keken Sagiru ya san hanyar Gwarzo kamar jakin mai itace. Auduga yake zuwa saye. Malam Dung ya ce audugar da ya saya ta isa katifa. Kafin damina ta yi nisa, manyansa suka je Durun gaisuwa. Baffa Jalo, mahaifinta, ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya bincika.

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Zailani, ɗan ƙanin Baffa, dillalin shanu, wanda ya daɗe yana ganin Ummukulsum tasa ce. Wata rana ya ari wayarta zai kira wani mai saye. Bai kira kowa ba. Ya wuce wurin Baffa da Inna, ya karanta musu saƙon Sagiru da ƙarfi:

"Igiyar nan ta ɗaure ni, ba na iya nisa da ɗaki. Tun da na kawo ta ba wanda ya sani sai ke. Yau ma na yi mata wanka, na shafa mata mai a wuya. Ta ɓoye fuskarta, kunya gare ta kamar ke."

"Kun ji!" in ji Zailani. "Igiyar aure ce ya ɗaura a ɓoye, ko kuma abin da ya fi haka muni. Mace a ɗaki, ba waliyyi ba shaidu, a wannan zamani! Kuma 'yarku ta sani."

Aka kira ta. Ta durƙusa nesa da tabarmar mahaifinta. Ita 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba, ita ma ba ta taɓa haɗa ido da shi ba.

"Ke, mece ce a ɗakin mutumin nan?"

Ga alkawarin da ta ɗaukar wa Sagiru, ga Inna da ba a ambaton sunan a gabanta, ga kunyar a ce ita ke koya wa saurayi wanka. Ta ce, "Igiya ce, Baffa..."

Inna Hajjo ta ɗauka igiyar aure take nufi, ta tafa hannu ta saka salati, sauran maganar ta nutse a ciki. Baffa ya sa wayar a aljihu, ya ce daga yau ba ita ba shago. Kafin a yi sallar la'asar, matan da ke rijiya sun san 'yar Jalo na rufa wa fasiƙi asiri. Ummukulsum ta daina fita ko ƙofar gida.

Malam Dung ne ya kai wa Sagiru labari har makaranta. "Malam, sunanka kake ɓoyewa, nata kuma yana ƙonewa."

Sagiru ya hau kekensa. Ya je gida, ya sa 'yar mesar a kwando, ya rufe da zane, ya ɗaure a bayan keke.

Ya tarar da Baffa Jalo a gindin ɗorawa da dattawan unguwa, Zailani na gefe. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Amsar ta zo a gajarce.

"Baffa, na kawo ta."

"Gidana ka kawo ta?"

Zailani ya miƙe yana leƙen hanya. "Ina take? Ko ta tsaya a bayan gari don kunya?"

Sagiru ya janye zanen.

Wani dattijo ya bar carbinsa a tabarma. Zailani ya haye amalanke, takalmi ɗaya a ƙafa, yana kiran a kawo sanda. Baffa Jalo kaɗai bai motsa ba. A cikin kwandon, kan farar takarda, 'yar mesar ta dunƙule, ta cusa kanta a tsakiyar jikinta.

"To," in ji Baffa. "An wanke ka daga mace, an same ka da maciji. Gardi zan ba 'yata?"

"Ba ni da laya, Baffa, ba ni da asiri, ban taɓa kai ta kasuwa ba. Ciwo take yi. Tsoron a kira ni da sunan nan ne ya sa na yi shiru har aka ɓata wadda ba ta da laifi. Gara a kira ni."

Baffa ya sunkuya. Idon da ya shekara yana duba shanu ya hango wani baƙin ɗigo yana tafiya a kan takardar. Ya danne shi da farce, ya dubi ɗan jinin da ya fito.

"Kaskarta ke nan?"

"Ƙuma ce. Saura kaɗan, da farko ko ido ba ta iya buɗewa da kyau."

"Nuna min yadda kake yi."

Sagiru ya ɗauko ta, ya jira har ta saki jiki ta fito da kai, ya shiga goge mata haɓa da auduga a hankali. Kowa na kallo, har matan da ke leƙe ta zana. Kunnuwansa kamar za su kama da wuta.

"Na tsinci kaska a jikin shanu tun ban kai tsayin ɗan maraƙi ba," in ji Baffa. "Amma ni don nono na yi. Kai wannan me take ba ka?"

"Ba komai, Baffa. Ba ta da hannun da za ta sosa ne."

Baffa Jalo ya ciro wayar daga aljihu, ya miƙa ta bayan zana ba tare da ya waiwaya ba. "A ba yarinyar nan kayanta. A ce gobe ta koma aikinta." Ya dubi amalanke. "Kai kuma sauko, ka bi rijiya-rijiya ka kwashe abin da ka zubar."

Muryar Inna Hajjo ta fito daga ciki. "Ni dai ɗaki ɗaya ba zai ɗauki 'yata da wannan abar ba!"

"Makaranta igiyar za ta koma, Inna, a gaban kowa," in ji Sagiru.

Yana kan hanya saƙon Ummukulsum ya shigo: "An ce kunnenka ya yi ja kamar gauta. Na gode, nawa."

Ya tsayar da keke ya rubuta: "Ki yafe min jinkirin, Likitata."

Bayan kaka aka ɗaura aure a Durun. 'Yar mesar ta yi saɓa, ta fito tas, ta zauna a akwatin gilashi a ɗakin kimiyya. Yaran Kabo suka laƙa wa Sagiru sunan da yake gudu, shi kuwa yana amsawa.

Da aka kai amarya, Inna Hajjo ta karya al'ada ta biyo ayari da kanta. Ta hana kowa zama. Ta karɓi tsintsiya ta zura ƙarƙashin gado, ta buɗe kwanuka, ta girgiza labule, ta leƙa har cikin randa. Sai da ta gamsu ta kama hannun 'yarta ta zaunar da ita, ta dafa kanta, idonta ya ciko.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya rufa muku asiri duniya da lahira," ta ce. "Ya ba ku zuri'a mai albarka, mai tafiya da ƙafa biyu."

Ɗakin ya ɗauki amin da dariya, har ango da ke laɓe a zaure.