Ruwa Iya Idon Sawu

Tun da matata ta rasu nake fita su kafin asuba, saboda kifi ba ya tsare mutum da ta'aziyya. Na karanta littattafai da yawa, babu wanda ya taɓa cika mini kwando.

Damina ta yi nisa, kogi ya tumbatsa. A irin wannan lokaci tarwaɗa kan bar tsakiyar ruwa ta shige ciyawar gefe neman abinci, don haka can na nufa da kwalekwalena. Ban kai ba, kwaɗi suka yi tsit gaba ɗaya. Hasken tocilata ya faɗa kan wani mutum tsaye, ruwa iya idon sawunsa. Na ɗauka tudun yashi ya samu.

"Baba, kana wahalar da kanka," in ji shi, da murya kamar daga cikin tulu. "Sauko ka taka. Ga su nan jibge, da hannu ma sai ka kama."

"Kai me ya hana ka kamawa?"

"Ni na ƙoshi."

Warin ruɓaɓɓiyar laka ya buge ni, amma kwaɗayi ya sa na naɗe wando, na zura ƙafa ɗaya waje. Sabo ne kawai ya sa na fara caka doguwar gorata kusa da ƙafarsa don in dogara.

Gorar ta yi ta shigewa har ruwa ya kai mini gwiwar hannu. Ba ta taɓa ƙasa ba.

"Sauko mana, Baba," in ji shi. Yana matsowa, ruwan ko motsi bai yi ba.