Filashin Marigayi

Shekara biyu ke nan ba a kashe kwamfutar nan ba. Tana kan teburin ɗakin karatu, inda maigidan ya bar ta ranar da ya ce zai ɗan kishingiɗa, bai ƙara tashi ba. Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Sista saboda aikin jinya da take yi, ta san abu ɗaya game da na'urar: in an rufe murfinta barci take yi, in an buɗe ta farka a inda aka tsaya. Amma in aka kashe ta gaba ɗaya, sai ta nemi kalmar sirri, kalmar kuwa ta bi mai ita kabari.

Don haka Sista take lallaɓa ta kamar majinyaci. Ta sa an haɗa mata batir na musamman saboda ɗaukewar wuta. Kullum in ta dawo daga asibiti sai ta ɗaga murfin, ta zauna tana kallon wasiƙar da ya fara rubuta wa 'ya'yansu, wadda ta tsaya a tsakiyar jimla. A gefen kwamfutar akwai ɗan filashi baƙi, irin na adana bayanai, a soke. Ba ta taɓa taɓa shi ba.

Manyan yaran duk sun yi nisa. Saura Auta, mai shekara goma sha tara, da ɗakuna huɗu da ba kowa a ciki.

Wata Laraba dab da magariba Sista ta ɗaga murfin, sai na'urar ta yi wani ɗan kuka da ba ta saba yi ba. Ta duba gefe. Ramin filashin wayam.

"Auta, ke kika ɗauka?"

"Na ara ne, Umma, aikin makaranta zan kwafa. Ai barci take yi na zare, ba ta ma sani ba."

Ta kawo, aka mayar. Na'urar ta sake kukan. A daidai lokacin dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Haka aka yi kwana shida. Da rana ta fara ja, sai duwatsu, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Sista ta zagaya gidan ba ta ga ko tsakuwa a ƙasa ba. Auta ta daina cin abinci. Takan zauna a bakin ƙofar ɗakin karatu, ta zuba wa bango ido, tana tambaya da wata murya mai kauri: "Kana nan? Kana nan?" Sista ta gwada zafin jikinta, ta auna jininta, ta haska idonta. Komai daidai. Abin da ya fi tsorata ta ke nan.

Ran na bakwai ta aika aka kira Malam, tsohon da ke ruƙiya a bayan kasuwa. Ya zauna a kan tabarma, ya yi karatu a hankali har inuwa ta cinye tsakar gida. Sai Auta ta ɗago kai.

"Tsoho, rage murya. Ba kurma ba ne ni."

"To madalla. Wane ne kai, me ka zo nema a jikin yarinya?"

"Ban zo ba. Waje aka bar ni."

Aljanin ya yi bayani ta bakinta, a gajiye, kamar wanda ya daɗe bai sami mai saurare ba. Da can a wata bishiya yake, aka sare ta da za a shimfiɗa titi. Danginsa suka watse. Ya yi ta yawo har ya sami ɗan ƙarfen nan mai ɗumi, wato filashin, ya shige.

"Duk yamma matar nan takan tashi na'urar. In na'urar ta farka sai ta kira duk abin da ke jikinta, ɗaya-ɗaya. Allon rubutu, kana nan? Linzami, kana nan? Sai ta zo kaina. In amsa. Malam, shekara nawa ba wanda ya tambaye ni ko ina nan."

Sista ta sunkuyar da kai.

"Ranar ina cikin na'urar ina jin ɗumi, yarinyar nan ta zare ɗakina muna barci. Muka farka, aka kira, ba ƙofa. Na faɗo waje. Ita ce mafi kusa."

"Ai an mayar da shi," in ji Malam. "Ka koma mana."

"An mayar, sai na'urar ta karɓe shi kamar baƙo, ta raɗa masa sabon suna. Tsohon sunan kuwa har yanzu tana riƙe da shi, tana jira. Muddin tana jira a ɗaure nake, ba shiga, ba tafiya."

"Me zai kwance ka?"

"A sallami ƙarfen yadda ya kamata, tana farke, a gaya mata za a cire. Sannan a kashe ta. Kashewa ta gaske, ba wannan barcin ba. Kafin hasken nan ya ƙare, don in duhu ya rufa na zauna ke nan."

"In an yi, ba kai ba gidan nan. Ka rantse."

"Na rantse. Wa zai kira ni a nan kuma?"

Malam ya juyo. "Hajiya, kin ji. Abu mai sauƙi."

"In na kashe ta ba za ta sake buɗuwa ba, Malam," in ji Sista. "Rubutunsa na ciki."

Bakin Auta ne ya motsa.

"Ke ma kullum tambayar da kike zuwa yi ke nan. Ni dai ina amsawa. Shi mijin naki fa?"

Sista ta dubi 'yarta. Wuyanta ya rame, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ta tashi ta shiga ɗakin karatu.

Ta karanta wasiƙar sau ɗaya, har zuwa inda ta yanke: "Abin da nake so ku riƙe bayan ba ni shi ne". Ɗan layin nan yana ta ƙiftawa a gaban kalmar ƙarshe, kamar yadda ya yi shekara biyu. Ta kama linzamin kwamfutar, ta nemo wurin sallamar filashi, ta danna. Na'urar ta ce ana iya cirewa. Ta zare shi a hankali, kamar yadda take zare allura daga hannun yaro. Sannan ta danna kashewa.

Fankar cikin na'urar ta yi shiru. Sai a lokacin Sista ta gane cewa duk tsawon lokacin nan akwai wani ɗan sauti a gidan.

A tsakar gida Auta ta yi atishawa sau uku, ta kife a kan tabarma. Dutse ɗaya ya gangara daga kan rufi, a hankali, ya faɗa ta bayan katanga.

Malam ya naɗe filashin a ƙyalle ya sa a aljihu, ya yi sallama. Sista ta tsaya a ɗakin, hannunta a kan murfin da ya fara hucewa.

"Umma?" Muryar ƙarama ce, a dishe, ta Auta. "Umma, kina nan?"

"Ina nan," in ji Sista. Ta ja ƙofar ɗakin ta rufe, ta tafi ɗebo mata ruwa.